Shekarar da Na Ajiye Kiran Salla

Rabi da Karimu, kun girma da labari guda a kan shekarar da na ajiye kiran salla a masallacin unguwarmu a Yendi. An ce muku saɓani ne ya shiga tsakanina da yayana, babanku Liman. Wasu sun ce a kan filin gado na Salaga ne, wasu sun ce a kan lasifikar masallaci ne. Rabi, kin taɓa tambayata a tsakar gida, na ce ki bar maganar. Karimu, kai ka janye ƙafa daga gaishe shi saboda ni, kuma wannan ya dame ni fiye da yadda na nuna maka. Ba mu yi faɗa ba. Mahaifiyarku ce ta roƙe ni in rufe baki, na rufe. Kafin ta rasu ta sake ni daga alkawarin. Ta ce idan ƙasa ta rufe ta in faɗa muku, don kada ku riƙe mutumin da bai yi muku komai ba. Ga shi ina faɗa da irin rubutun da na iya.

Sai na fara tuna muku irin kan da Allah ya ba ta, domin in ba haka ba ba za ku gane girman abin da ta ji tsoron rasawa ba. Memunatu 'yar Bawku ce, ta tashi a gidan fatake, ta zo gidana da harsuna a bakinta: Hausa, Kusal, Mosanci, ta ƙara Dagombanci a nan cikin shekara guda. Tana sayar da koko da ƙosai a bakin tasha, kuma ba ta tambayar mai saye sau biyu yadda yake so. Ta san direban da ba ya shan sukari, ta san sunan matarsa da ciwon da ke damun uwarsa. Idan za a yi aure a unguwa, wurinta mata ke zuwa su ji waɗanda ya wajaba a aika wa goro, don ita ce ta san wa ya haifi wa tun daga Salaga har Bawku. Ni kuwa tela ne, kuma ladan. Abin da na sani shi ne allura da lokacin salla. Sauran komai na gida a kanta yake, ni dai in tambaya ta ba ni amsa.

Lokacin da ta ji ƙullutu a nononta na hagu, ke Rabi kina gidan mijinki a Bolgatanga da jariri a hannu, kai Karimu kana Kumasi kana koyon kanikanci. Kun san an tura mu asibiti a Tamale, an ce ciwon daji ne, an yi mata aiki. Kun san kuma bayan rauni ya warke aka fara ba ta maganin nan da suke ce wa kemo, wanda ake ɗura wa mutum ta jijiya, ya koma gida ya huta makonni, ya dawo a sake. An gaya mana gashi zai zube, ya zube. An gaya mana za ta yi amai, bakinta zai yi ɗaci, duk ya faru, kuma ta ɗauka da haƙuri har tana yi wa kanta ba'a, wai yanzu ta huta da kuɗin kitso. Abin da ya shigo bayan ɗurin farko da na biyu ne bai zo da sallama ba.

Da ƙananan abubuwa ya fara. Wata safiya tana tsaye a madafa ta miƙo mini hannu.

"Malam, ba ni abin nan."

"Wane abu?"

"Abin nan mana. Na ɗiba. Wanda yake da wuya dogo."

Ludayi take nufi, ludayin da ya yi shekaru a hannunta. Na miƙa mata, ta riƙe shi tana kallonsa kamar baƙo. Bayan wannan sai ta zuba gishiri sau biyu a miya, sai ta shiga ɗaki ta tsaya ba ta san abin da ya kai ta ba. Wata maƙwabciya ta zo duba ta, suka yi hira mai tsawo, da matar ta fita sai ta jawo rigata ta tambaye ni a hankali ko wace ce. Idan mutum biyu suna magana a lokaci guda, sai ta rufe ido. Ta ce mini ji take kamar an cika mata kai da hayaƙin ɗanyen itace, tana ganin abubuwa amma ba ta kai musu.

Duk wannan ta jure. Ranar da ta karye ita ce ranar da na dawo daga masallaci bayan la'asar na same ta zaune a kan tabarmar salla, mayafinta ya jiƙe da zufa.

"Malam, na yi la'asar?"

"Ina masallaci, Mman Rabi, ban gani ba. Ba ki yi ba?"

"Na tada kabbara, wannan na tuna. Sai na tsinci kaina a zaune ina tahiya, ban san ko ta farko ce ko ta ƙarshe ba. Na sake daga farko. Ina cikin sura sai ta yanke mini a tsakiya, surar da na iya tun ban fara ɗaura zane ba. Na sake. Yanzu ban san ko na yi sau uku ko ban yi ko ɗaya ba."

Ba ta yi kuka da sauti ba. Hawayen ne kawai suke sauka tana share su da bakin mayafi.

A makon ne yayarta Lariba ta zo daga Bawku a motar albasa. Kun san Mma Lariba, ba ta ajiye magana ta kwana. Ta zauna da ƙanwarta yini guda, ta ga yadda take neman kalma kamar mai neman allura a ƙasa, sai ta tare ni a zaure.

"Malam Sule, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Memuna da ta san kakan kowa ce za ta manta sunan ɗana? An sa mata hannu. Ko kuwa ruwan nan nasu ne ke cinye mata ƙwaƙwalwa. Ko wanne ne, ka ba ni ita in kai ta gida. Akwai mai magani a wajenmu."

Na ce mata a bari a gama abin da aka fara. Amma da na shiga ɗaki sai na tarar mahaifiyarku ta riga ta yanke shawara. Ta ce ba za ta koma Tamale ba.

"Sun ce nono, na ba su. Sun ce gashi, na ba su. Amma salla, Malam? Idan na rayu ban san raka'a nawa na yi ba, me na tsira da shi? Gara in tafi da wuri da sallata a hannuna."

Ban iya gardama ba, kun sani. Kuma likita ya riga ya gaya mana cewa ɗurin da ya rage shi ne zai bi ragowar ciwon da wuƙa ba ta gani ba. Na san idan ta hau motar Bawku ba za ta dawo kan maganin ba. Abu guda na roƙe ta: mu je Tamale sau ɗaya, ba don allura ba, don mu faɗa musu abin da ke faruwa kawai. Ta yarda, da sharaɗin babu wanda zai taɓa hannunta.

Allah ya haɗa mu da wata nas 'yar Bawku, mai irin Hausar zango da ba ta raba mace da namiji. Mahaifiyarku tana ta kewaye-kewaye, kunya ta hana ta faɗa, sai nas ɗin ta ajiye abin da ke hannunta ta zauna kusa da ita.

"Mma, kana manta suna? Kana shiga ɗaki ka manta abin da ka zo ɗauka?"

Mahaifiyarku ta ɗaga kai ta dube ta.

"Wa ya gaya miki?"

"Babu wanda ya gaya mini. Rabin matan da ke zama a kujeran nan haka suke faɗa. Kai ba ka haukace ba, Mma. Ba wanda ya yi maka komai. Magani ne, da gajiya."

Ban san ko rabin ne da gaske ba, ko ta faɗa ne don ta kwantar mata da hankali. Amma na ga kafaɗun mahaifiyarku sun sauka. Ta kai mu wurin likita, shi ma ya saurare ta ba gaggawa. Ya ce abin sananne ne ga masu shan wannan magani, kuma ba maganin kaɗai ke kawo shi ba: ƙarancin jini yana ƙara shi, rashin barci yana ƙara shi, fargaba ma haka. Ya roƙa a ɗebi jininta a duba, ta miƙa hannun da ta ce ba za a taɓa ba. Aka samu jinin ya yi ƙasa, suka ba ta abin da zai ɗaga shi, suka gyara lokacin shan wata ƙwaya da ke hana ta barci. Bai yi mana ƙarya ba. Ya ce babu ƙwaya guda da za a haɗiya hayaƙin ya washe. Ya ce ta riƙa yin abu ɗaya a lokaci guda, kowane kaya ya samu wurin zamansa, ta riƙa taka ƙafa kullum ko kaɗan ne, aikin da ke buƙatar tunani ta yi shi da safe kafin gajiya. Ya ce yawancin mata kansu yana dawowa sannu a hankali bayan an gama, amma ba zai sa mata rana ba.

Ta saurara har ya gama, sannan ta tambayi abin da ya kawo ta.

"Likita, salla fa?"

Ya dube ni da hular da ke kaina.

"Wannan kam Baba ya fi ni sani."

A mota muna dawowa Yendi ina ta juya maganar. Na san hukuncin mai yawan kokwanto a salla, na faɗa mata: ba a ɗora masa sakewa, ya wuce kawai ya yi sujada bayan sallama. Ta ce ta sani, amma zuciyarta ba ta karɓa. Ba hukunci take nema ba, so take ta idar ta san ta idar. Muna wuce wani ƙauye na ga yara a jere suna salla bayan wani dattijo a ƙarƙashin itace, sai mahaifina ya faɗo mini a rai. A Salaga, ina yaro, na taɓa yin gyangyaɗi a tsaye a bayansa, bayan sallama na tambaye shi ko in sake. Ya ce mini wanda ke bin liman ba ya ƙirga, shi dai ya bi, rafkanwarsa liman ne ke ɗauke ta. Na karanta wannan daga baya a littattafan farko na ibada, na koyar da shi ga yara, amma ban taɓa tunanin wata rana zai zama magani a gidana ba.

"Mman Rabi, daga yau bayana za ki riƙa salla. Duk biyar. In na sunkuya ki sunkuya, in na zauna ki zauna. Ƙirgar tawa ce."

"Kai da kake kira? Masallacin fa?"

"Zan kira in dawo."

Ta juyo daga taga ta dube ni. Sai ta ce idan haka ne za ta koma ta karɓi ɗurin. Amma ta sa ni na yi alkawarin ba zan gaya wa kowa dalili ba, har ku. Ta ce ciwon nono mutane suna tausaya wa mai shi, amma idan aka ji kai ne, kafin mako ya zagayo za a ce matar ladan ta taɓu, kuma sunan zai bi 'yarta har gidan miji.

Haka na fara. In hau in yi kira, in sauko in sa takalmi, mutane suna shigowa ni ina fita. Ba a daɗe ba aka fara magana. Wani mahauci da muke wasa da shi ya tare ni a ƙofa.

"Ladan, ka gayyace mu biki kai kuma ka gudu gida? Ko abincin bai yi maka ba?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma babanku Liman bai yi dariya ba. Ya kira ni zaurensa ya ce bai dace mai kira ya juya wa jam'i baya ba tare da uzuri ba, yara suna gani, kuma idan shi ne ya yi mini wani abu in faɗa masa a fuska. Na ce ba abin da ya yi mini. Ya ce to mene ne. Na ce ya ba ni zuwa gobe. Na koma na roƙi mahaifiyarku ta bar ni in gaya wa mutum ɗaya, ta yarda da ƙyar. Da na faɗa masa, ya sunkuyar da kai. Shi ne ya je Bawku ya karɓo mini aurenta, ya san irin kan da ake magana a kai.

"Sule, uzurinka ya fi ƙarfin faɗana. Amma ba za ka ci gaba da kira kana fita ba. Ka kawo makullin masallaci in ba Iddirisu, mai taya ka kira. Ka zauna da ita."

"Yaya, za a ce mun yi faɗa."

"Za a ce. Za a ce ni na kore ka, tunda ni ne babba. Mu raba maganar, ka ɗauki rabi in ɗauki rabi."

Ba zan ɓoye muku ba, ranar da na ji muryar Iddirisu a lasifika maimakon tawa, na zauna a kan keken ɗinki ban iya taka shi ba. Tun ina saurayi nake wannan kira. Wasu da ke kawo mini ɗinki don ni ladan ne suka koma wani wuri. Babanku kuwa aka riƙa cewa ya wulaƙanta ƙaninsa, yana ji bai taɓa kare kansa ba, ko da kalma.

Mma Lariba ba ta tafi da ƙanwarta Bawku ba, sai ita ta zauna. Ina so ku riƙa yi mata addu'a. Ba ta taɓa yarda gaba ɗaya cewa ba hannu a ciki ba, amma duk abin da likita ya faɗa ita ta aiwatar da shi, tana mita tana yi. Ta sa na buga ƙusoshi a bangon madafa, ludayi da nasa, mataci da nasa, makullin ɗaki da nasa, kuma kaiton wanda ya sauya wa abu wuri. Idan ana magana sai ta kashe rediyo. Kowace safiya takan tasa mahaifiyarku a gaba su taka har bakin itatuwan mangwaro su dawo, tana yi mata tambayoyi a hanya kamar wasa: wace ce ta auri ɗan wane, wa ya haifi wance. Idan kalma ta ɓace, ba ta yarda a faɗa mata da sauri.

"Ku bar ta ta nemo kayanta. Ta san inda ta ajiye."

Wani lokaci ta nemo, wani lokaci su yi dariya su wuce. Sallar kuwa ta zauna. Ina gaba, tana bayana ta wajen dama kaɗan, a ɗakin nan da kuka sani. Ranakun da ɗuri ya kayar da ita, a zaune take bi na. Na koyi rage sauri, ina ɗaga kabbara don ta ji. Idan na yi sallama takan saki numfashi ta ce alhamdu lillahi, ta samu wannan. Kun zo kun gan mu a haka, kuka ɗauka fushin masallaci ne ya zaunar da ni a gida, ita kuma ta ce muku gajiya ce ke sa ta shiru. Da haka ta karɓi ɗurin har na ƙarshe.

Kan bai dawo rana guda ba. Gashi ma ya riga shi fitowa. Watanni suka wuce, har na daina sa ido, na ɗauka haka za mu ƙarasa, kuma na yarda da hakan. Sai wata la'asar gab da ƙaramar salla, ɗinki ya yi mini yawa, na tada salla hankalina yana kan wata riga da na yanka ba daidai ba. Na ɗago daga sujada na zauna na fara tahiya, a zatona ta ƙarshe ce. Sai na ji murya a bayana, ba da ƙarfi ba, amma babu rawa a cikinta.

"Subhanallahi."

Na miƙe. Na kawo raka'ar da ta rage, na yi sallama, na yi sujadar ba'adi tana bi na. Da muka gama ban juyo nan da nan ba, don ba na so ta ga fuskata.

"Malam, uku ka yi."

"Na ji."

"Tun ta biyu na ga hankalinka ba ya nan. To, ka ce liman ne ke ɗauke ta mamu. Ta liman fa, wa ke ɗauke ta?"

"Yau dai ke ce."

Mma Lariba ta riga ta koma Bawku a lokacin. Da aka gaya mata ta waya, cewa ta yi dama ta san kan Memuna ya fi nawa ko da hayaƙi a ciki.

Bayan sallar nan mahaifiyarku ta ce in koma masallaci. Na koma, a sahu. Babanku ya miƙo mini makullin, na ce a bar wa Iddirisu, ya riƙe amana kuma muryarsa ta fi tawa kaiwa nesa. Amma la'asar ba mu sake ta ba, tare muka ci gaba da yin ta a gida. Kanta bai koma daidai yadda yake da ba, wani suna yakan ɓace mata ya dawo sai an jima. Duk da haka ta koma bakin tasha, mata suka dawo tambayarta waɗanda za a aika wa goro, ta goya 'ya'yanki Rabi, ta je neman aurenka Karimu. Waɗannan shekarun duka kyauta ce, kuma na san ta hannun waɗanda Allah ya ba mu su: nas ɗin da ta zauna kusa da ita, likitan da bai yi mana ƙarya ba, Lariba da ƙusoshinta, da yayana da ya ɗauki rabin magana ya yi shiru. Da ciwon ya dawo ta ƙashi, la'asar ɗinta ta ƙarshe a kwance ta bi ni, da ido.

Karimu, babanka Liman ya tsufa, ba ya fita sosai yanzu. Idan ka zo, ka fara sauka a zaurensa kafin ka iso wurina. Ba sai ka ce masa komai ba, zai gane.

Ni har yau a gida nake la'asar, a wurin nan dai. Tsufa ya sa ina yawan rafkanwa. Idan na zauna ban tabbata ko uku ce ko huɗu ba, nakan ɗan dakata kafin in miƙe.